Sharhi a Kan Fitowa ta 121 ta Mujallar The Amazing Spider-Man

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwa ɗalibai, har ma da malamai, za su ce ina ruwan mai nazarin adabi da labarin zane-zane, abin da aka ɗauka na yara ne. Amsata ita ce, duk inda aka sami jigo da taurari da zubi, to akwai aikin mai sharhi. Don haka na zaɓi fitowa ta 121 ta wannan mujalla, wadda kamfanin Marvel na Amurka ya buga a 1973. Gerry Conway ne ya rubuta labarin, Gil Kane ya zana, John Romita da Tony Mortellaro suka bi zanen da tawada.

Labarin a Taƙaice

Peter Parker, wato Spider-Man, ya dawo daga Kanada da mura a jikinsa, ya tarar abokinsa Harry Osborn kwance saboda shan ƙwayar LSD. Uban Harry, Norman Osborn, shi ne mugun nan Green Goblin, wanda ya san asirin Peter tun 1966, amma ciwon mantuwa ya rufe masa abin. Ciwon ɗa da karayar arziki suka taru suka dawo masa da haukarsa. Sai ya sace Gwen Stacy, budurwar Peter, ya kai ta ƙololuwar wata gada a birnin Niyok, ya ture ta. Spider-Man ya harba zarensa ya cafke ta a ƙafa, ya jawo ta sama yana yabon kansa, ashe gawa ya jawo.

Inda Labarin Ya Yi Ƙarfi

Kafin wannan fitowa, mai karanta irin waɗannan mujallu ya saba da cewa kome wuya jarumi zai ceci masoyiyarsa. Conway ya karya wannan al'ada, kuma yadda ya karya ta shi ne gwanintar. A hoton da zaren ya kama Gwen, an sa wata 'yar kalma ƙarama kusa da kanta, mai nuna ƙarar karyewar wani abu. Ba wanda ya yi bayaninta a cikin labarin. Peter bai ji ba, Green Goblin kuwa cewa ya yi faɗuwar ce ta kashe ta. Mai karatu kaɗai aka bari da zargin cewa tsayawar da zaren ya yi da ita farat ɗaya ita ta karya mata wuya, wato hannun da ya miƙa don ceto shi ya yi kisan. Sai a fitowa ta 125 editoci suka tabbatar da haka a filin wasiƙu. A ganina wannan abu ne da zane ya fi zube iya yinsa, domin ido na iya tsallake kalmar, sai an dawo a karo na biyu a gan ta.

Haka kuma an ɓoye sunan labarin har shafin ƙarshe, saboda sunan da kansa yana tona wadda za ta mutu. Bangon ma hotunan makusantan Peter aka jera, aka bar mai saye yana ta canki-canki.

Inda Ya Yi Rauni

Babban aibin labarin yana jikin Gwen kanta. Yarinyar da masu karatu suka sani tun 1965, ɗalibar kimiyya, wadda ta rasa mahaifinta a 1970, ta yi dukan zamanta a kan gadar nan a sume. Ba ta yi magana ba, ba ta yi kokawa ba, ba ta ma san abin da ya same ta ba. An mai da ita kaya, maza biyu suna ja-in-ja a kanta, mutuwarta kuma amfaninta kawai ta tunzura jarumi. Irin wannan ɗabi'a ta marubuta ce Gail Simone ta fito ta soka a 1999, lokacin da ta jera sunayen matan da aka hallaka ko aka nakasa a labaran jarumai.

Na biyu, ciwon mantuwar Norman dabara ce mai arha. Yana zuwa yana tafiya duk lokacin da marubuci ya bukata. Na uku akwai sakaci: an zana gadar Brooklyn, rubutun kuwa ya kira ta gadar George Washington.

Kammalawa

Duk da haka ina ganin fitowar ta cancanci sunan da ta yi, domin ta nuna cewa ƙarfi da kyakkyawar niyya ba su hana mutum jawo asara. Shawarata ga masu sha'awar rubutu a ƙungiyarmu ita ce su koyi ƙarfin halin Conway na barin jarumi ya kāsa, amma idan za su kashe tauraruwa, to su bar ta ta buɗe baki tukuna.