Wane Kifi Ya Kamata a Mayar Ruwa?

A ƙasashen da ake fita kamun kifi don nishaɗi, irin su Amurka da Kanada da Ingila da Afirka ta Kudu, an fi shekara hamsin ana yayin wata al'ada da masunci zai ji ta kamar tatsuniya. Mutum ya sayi sandar fatsa mai tsada da zare da ƙugiyoyi iri-iri, ya yini a bakin ruwa ko a cikin kwale-kwale, in kifi ya ci sai ya yi ta fama har ya jawo shi, ya ɗaga shi a ɗauke su hoto, sannan ya mayar da shi ruwa ya koma gida hannu rabbana. Al'adar ta samu gindin zama ne a 1972, lokacin da Ray Scott, wanda ya kafa babbar ƙungiyar masu gasar kamun kifin bas a Amurka, ya sa aka fara kawo kifin gasa da ransa, a auna, a saki. Yanzu ta iso Afirka. Masu yawon buɗe ido kan biya kuɗi masu kauri su je Tafkin Nasser a Masar, ko gindin faɗuwar ruwa ta Murchison a Uganda, ko Kogin Faro a arewacin Kamaru, su kama giwan ruwa su sake ta. Masu yaba abin suna cewa duk kifin da aka kama a saki, masu kushe shi suna cewa wasa da abinci ne da azabtar da dabba. A ganina duka ɓangarorin sun bar tambayar da ta fi nauyi, wato wane kifi ne ya cancanci a mayar ruwa. Amsata ita ce babba. Matsakaici a ci shi, babba a bar shi ya tafi, gasar da ke ba da kyauta kan nauyin mataccen kifi kuwa ita ce ta fi buƙatar gyara.

Hujjar tana cikin halittar kifin. Saniya ko tunkiya in ta tsufa haihuwarta raguwa take yi, amma yawancin kifaye ba sa daina girma muddin suna raye, kuma ƙwan da mace ke sakawa yana ƙaruwa da girmanta, har ya zarce yadda nauyinta ya ƙaru. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2018, wanda ya duba ɗaruruwan nau'o'in kifin teku, ya kawo misali da kifin kod na tekun Atlantika: mace ɗaya mai kilo 30 ta fi mata 28 masu kilo biyu-biyu yawan ƙwai, alhali su ɗin in aka haɗa nauyinsu ya kai kilo 56. Giwan ruwa ma haka lamarinta yake, domin matan ne suka fi mazan girma, kuma ƙatuwar mace tana saka ƙwai miliyoyi. Wadda aka kama da fatsa a Tafkin Nasser a shekara ta 2000, mai kilo 104, wadda hukumar da ke ajiye tarihin gasar kamun kifi ta duniya ta rubuta a matsayin mafi nauyi, ba a shekara ɗaya ko biyu ta kai haka ba. Ta tsallake taru da ƙugiya da bakin manyanta shekara da shekaru. Wanda ya cire irin wannan daga ruwa ya cire kifin shekaru masu zuwa tare da ita, kuma ga abin takaici, naman da ya samu bai ma kai na matsakaiciya daɗi ba, kamar yadda masu sayen kifi da yawa za su shaida.

Ƙorafi na farko da ake yi wa masu saki shi ne yaudarar kai suke yi, kifin da suka mayar mutuwa yake daga baya inda ba sa gani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wani nazari na 2005 da ya tattara sakamakon bincike da dama ya samu cewa a matsakaicin lissafi kusan 18 cikin 100 na kifin da aka saki ba ya rayuwa. Sai dai abin lura shi ne abubuwan da ke kashe shi sanannu ne, kuma galibinsu suna hannun mai fatsar. Na farko shi ne inda ƙugiya ta kama. Kifin da ya haɗiye tana ko ƙaramin kifi har ciki, ƙugiyar takan huda maƙogwaro ko hanji, wannan kam ya gama. Shi ya sa aka yawaita amfani da ƙugiya mai zagaye, wadda bakinta ya lanƙwasa ya kalli jikinta, ta yadda in kifi ya haɗiye ta ya juya sai ta zame ta fito, ba ta kamawa sai a kusurwar baki. Wasu kuma kan sa filaya su danne ƙayar nan da ke kusa da tsinin ƙugiya don ta fita ba tare da yaga nama ba. Na biyu zurfi ne: kifin da aka fizgo da sauri daga can ƙasa, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura har ta turo tumbinsa ta baki, in an sake shi ya kasa nitsewa. Na uku, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne hoto. A 1992 wasu masu bincike a Kanada sun gajiyar da kifin tirawut a ɗakin gwaji kamar yadda fatsa ke gajiyar da shi. Waɗanda ba a fitar daga ruwa ba, 88 cikin 100 sun rayu. Waɗanda aka riƙe a iska na daƙiƙa 30, sai 62. Waɗanda suka yi minti ɗaya cur, 28 kawai suka tsira. Minti ɗaya bai isa ma a ciro waya daga aljihu a goge ta a gyara hula ba. Ƙara da busasshen hannu da ke goge yauƙin da ke kare fatar kifi daga cuta, da rataye ƙaton kifi ta muƙamuƙi nauyinsa duka na ja ƙasa, sai ka ga mutumin da ke tutiyar ya yi wa kifi rai shi ne ajalinsa. Wannan ƙorafi bai rushe hujjar sakin babban kifi ba. Abin da ya nuna shi ne akwai yadda ake sakin, kuma wanda hoto ya kai shi bakin ruwa bai cika bin ƙa'idar ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa, domin na ɗabi'a ne. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Sikotland sun nuna cewa a fuskar kifi da leɓɓansa akwai jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon rauni, ko da yake masana na ci gaba da gardama kan ko kifi yana jin zafi irin yadda muke ji. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana cutar da dabba ba tare da dalili mai ma'ana ba, kuma dalilin da aka fi amincewa da shi a kamun kifi shi ne ci, don haka wanda ya fita da niyyar ya kama ya saki kawai yana iya tsintar kansa a gaban alƙali. Suwizalan ma ta bi wannan hanya a 2008. Mai karatu da ya yi zaman gaban malam zai ji abin bai zo masa baƙo ba, tunda Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya farauta don wasa kawai a cikin makaruhi, ta halatta wadda ba ta wasa ba. Ina tare da wannan ra'ayi har zuwa wani wuri. Mutumin da ya huda bakin kifi hamsin a yini guda, bai ci ko ɗaya ba, bai ba kowa ba, kuma bai da wata manufa sai ya ji daɗin jan zare, ba ni da abin da zan kare shi da shi. To amma wanda ya fita neman na miya, ya ɗebi uku ko huɗu matsakaita, sai uwar kifaye ta faɗa ƙugiyarsa ya cire mata ya bar ta, wannan ba wasa ya yi ba. Niyyarsa ci ce, sakin kuma kiwo ne, kamar makiyayin da ke sayar da bajimai ya bar shanun da ke haihuwa. Ko dokokin Turai ɗin nan suna tilasta mayar da kifin da bai kai girman da aka yarda a ɗauka ba, ka ga ke nan sakin ba shi ne laifin ba. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa dalilin da ya sa ake barin ɗan ƙarami ya fi ƙarfi a kan ƙatuwar mace.

An ma gwada haka a aikace. A farkon shekarun 2000 ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Biktoriya, wato Kenya da Uganda da Tanzaniya, sun kafa ƙa'idar cewa giwan ruwan da za a kama don masana'antu ta kasance tsakanin santimita 50 zuwa 85, ƙasa da haka a bari ta girma, sama da haka a bari ta hayayyafa. Aiwatar da ita ya yi wuya, musamman da kasuwar jakar iskar giwan ruwa ta buɗe a Sin da Hong Kong, inda ta babban kifi ta fi naman kansa kuɗi. (Akwai abin dariya a nan, don a Biktoriya giwan ruwa baƙuwa ce, a shekarun 1950 aka zuba ta, ta kuma taimaka wajen ɓatar da ƙananan kifayen tafkin wajen nau'i 200. A kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi kuwa 'yar gida ce.) Dokar ta sha kashi a hannun kuɗi, amma hikimarta tana nan.

Kuɗi ne kuma ke ɓata gasa. Muddin sikeli ne alƙali kuma gawar kifi ake ɗora masa, to an gayyaci masu maguɗi. A 2022 a Cleveland, a gasar Tafkin Erie, an farke cikin kifin wasu mutum biyu da ke gab da lashe kyauta sai ga dunƙulen dalma suna faɗowa, har ta kai su ga zaman kaso. A bikin kamun kifi na Argungu ma, a 2008, an ƙwace nasarar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano mataccen kifi ne aka shigo da shi daga wani ruwan. Wasu gasannin Amurka sun riga sun sauya salo: alƙali yana cikin jirgin, da an kama kifi a auna shi nan take a rubuta a mayar, a wasu kuma a kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen allon awo a ɗauki tsawonsa. Kifin da ya yi iyo ya tafi a gaban shaida ba a iya cusa masa dalma, ba a kuma sayo shi a kasuwa.

To ina Argungu a cikin wannan magana, tunda can ma wanda ya fi kowa babban kifi shi ne gwarzo? A 2020, bayan bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya yi nasara kilo 78 ne, kyautar kuma ta haɗa da miliyoyin naira da mota da kujerar Makka. Wani zai ce hujjata ta yanke wa bikin hukunci. Ban ga haka ba. Bikin da aka fara a 1934 don tarbar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya zo da nasa maganin tun kafin Ray Scott. Ana rufe kogin Matan Fada, Sarkin Ruwa na tsaron sa, ba a buɗe shi sai na ɗan lokaci a ranar su, kuma da homa da gora ake shiga, ba da kalli ko taru ba. Hana kamu na watanni shi ne ke ba kifin damar kai girman da ake zuwa kallo, kuma wannan kariya ce da ta fi sakin kifi bayan an huda shi. Abin da ke cin giwan ruwa a kogin Rima da na Sakkwato yana faruwa ne a sauran ranakun shekara da sauran sassan ruwan: raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'ya, maganin ƙwari da wasu ke zubawa a ruwa, da madatsun Bakolori na 1978 da Goronyo na 1984 da suka rage ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa a fadama. Duk da haka ba na ganin aibu in masu shirya bikin suka ware kyauta ta daban ga wanda ya kawo ƙatuwar giwan ruwa da ranta aka auna ta a bakin ruwa aka mayar, ko ba komai ya toshe ƙofar abin da ya faru a 2008.

Saura ƙorafin da ya fi dacewa da ƙasarmu, cewa duk wannan zancen ƙoshi ne, ba a ce wa Basarke mai iyali ya saki kifin da zai biya masa bashin wata guda. Gaskiya ne, kuma ba shi nake nufi ba. Masuncin da ke ci daga ruwa hukuncinsa na hannun sarakunan ruwa da hukumomin kula da su, kuma ba za a nemi ya yi asara ba tare da an ba shi madadi ba. Maganata da wanda ya je da mota ne, da sandar da kuɗinta ya fi na kwale-kwalen masuncin, wanda ko ya kama ko bai kama ba tukunyarsa za ta hau wuta. Irin wannan mutum ba shi da uzurin kashe uwar kifaye don a gan shi riƙe da ita a Facebook. Ya ɗebi karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa daidai cin gidansa. In giwa ce ta ci ƙugiyarsa, ya gaggauta jawo ta kafin ta galabaita, ya jiƙa hannu, ya cire ƙugiyar tana cikin ruwa, in ta shige ciki sosai ya yanke zaren kusa da baki ya bar ta, sannan ya tallafe ta kanta na fuskantar inda ruwa ke gangarowa har ta buga jela ta ƙwace da kanta.