Masu Zana Labari Kafin Kyamara Ta Gan Shi

Yaran Gyadi-Gyadi da Tarauni masu buga wasan skribbl.io a waya sun san daɗinsa: daƙiƙa 80, ka zana akuya, abokai su canka, a kwashe da dariya, zanen ya ɓace. Ni kuwa jinjinata ga wanda ke buɗe manhajar zane ta Storyboarder ya kwana kan labari guda. Gida-gida yake yanka shafi, yana auna inda amarya za ta sunkuyar da kai. Ya goge, ya sake, a ɗauke wuta, ya jira. Daraktan fim na Titin Gidan Zoo da ya dace da irin wannan hannu ya ga fim ɗinsa tun ba a kunna kyamara ba. Sunan mai zanen kuwa, sai 'yan kallo sun watse yake fitowa.