Likitan Gashi da Wasan Bidiyo

Wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ko tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu, babu abin da yake bukata bayan ya tashi daga gadon asibiti kamar maimaici. Ƙwaƙwalwa ba ta sake koyon ɗaga hannu sai an yi ta ɗaga shi ba adadi. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta a Amurka ta Arewa suka bi ɗakunan gashi, wato inda ake motsa gaɓoɓin majinyata, suna ƙirge, suka tarar a zama guda majinyaci yakan yi motsin hannu mai amfani kusan sau 32 kacal, alhali a gwajin dabbobi ɗaruruwa ake yi. Wa zai ga laifin dattijo? A ce ya ɗaga kofi ya ajiye sau ɗari uku, ai zuciya za ta riga hannu gajiya.

Da kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Wii a 2006, likitocin gashi suka ga mafita. Mai wasa ba zama yake yana danna maɓalli ba, rimot yake kaɗawa ya doki ƙwallon tanis a talabijin. Daga baya aka ƙaro wani faifai da ake hawa, mai ma'auni huɗu a kusurwoyinsa, yana nuna ƙafar da mutum ya fi jingina nauyinsa a kai. A 2010 Microsoft ya kawo Kinect, kyamarar da ke bin gaɓoɓi ba tare da an riƙe komai ba. Sai ga tsohuwar da ke ƙin motsa jiki tana neman a ƙara mata zagaye ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin likitan gashin da ke tsaye a bayan majinyacin. Kowa a ɗakin talabijin yake kallo, shi kuwa kafaɗa da ƙugu yake kallo. Jikin da ya raunana yana da wayo: maimakon gwiwar hannu ta miƙe, sai mutum ya ranƙwafo da ƙirji gaba, ko ya karkaɗa wuyan hannu kaɗan, na'ura ta ba shi maki, ya yi murna alhali hannun bai koyi komai ba. Gwani yakan gane wannan nan take, ya ɗora tafinsa a kafaɗar, ya ce, "Baba, a bar ƙirji a inda yake, hannu ne zai je." Yana tsaye ta ɓangaren da ya shanye, riƙe da ɗamarar da aka ɗaura wa majinyaci, domin wasa kan sa mutum ya manta ƙafarsa ba ta gama warkewa ba. Shi ke daidaita wuyar wasan: in ya yi sauƙi jiki ba ya ƙaruwa, in ya yi tsauri gwiwa ta yi sanyi. Yana lura da numfashi da jiri, ya tsayar da wasa tun mai shi bai nemi hutu ba. Wannan ido ba a samun sa sai an daɗe ana aiki da marasa lafiya.

Binciken da Dokta Gustavo Saposnik na Toronto ya jagoranta, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa ba na'urar ce sirrin ba. An raba majinyata 141 gida biyu, wasu suka yi Wii, wasu suka yi karta da makamantanta, dukkansu kuma suna ci gaba da gashin da aka saba. Bayan mako biyu hannayen kowane ɓangare sun inganta, Wii kuma bai fi karta ba. Ni wannan sakamako daɗi ya yi mini, domin asibitin da ba shi da kuɗin na'ura ko tsayayyar wutar lantarki zai iya cim ma abu mai yawa da karta da teburi, matuƙar akwai ƙwararren da zai zaɓi motsin da ya dace, ya sa a maimaita shi, sannan ya gwada ko hannun ya fara iya ɓalle maɓallin riga.