Sharhin Littafi: Buɗe Ƙofa Ba Shi Ne 'Yanci Ba

A ranar 27 ga watan Janairu 1945 ne sojojin Tarayyar Sobiyat suka isa sansanin Auschwitz da ke ƙasar Poland, inda 'yan Nazi suka hallaka mutane fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu Yahudawa. Sun tarar da kimanin fursunoni 7,000 da sauran numfashi, yawancinsu majinyatan da Jamusawa suka gudu suka bari. Cikinsu akwai Primo Levi, Bayahuden Italiya, masanin ilmin sinadarai. Littafinsa La tregua, wato tsagaita wuta, wanda ya fito a 1963, daga wannan rana ya fara.

Mai karatu zai zaci guɗa da murna ne za su buɗe labarin. Ina! Levi da abokinsa suna ɗauke da gawar wani ɗan ɗakinsu sai ga samarin sojoji huɗu bisa dawakai. Ba gaisuwa, ba murmushi. Abin da marubucin ya karanta a fuskokinsu kunya ce, irin wadda mutumin kirki yake ji idan ya ga ta'asar da ɗan'adam ya aikata. Nan jigon littafin yake: an buɗe ƙofa, amma dafin yana cikin jiki. Hurbinek, yaro ɗan kimanin shekara uku wanda ba a koya masa kowane harshe ba, ya rasu a farkon watan Maris, makonni kaɗan bayan an 'yanta sansanin.

To, ina fatan yake? Gwanintar Levi ita ce bai sa shi a bakin wani mai wa'azi ba. A kasuwa ya ajiye shi. Mordo Nahum, wani Bagirke, ya koya masa cewa takalmi yana gaba da abinci, domin marar takalmi ba ya iya fita neman abinci. Cesare kuwa, ɗan birnin Rum, gwanin ciniki ne da zamba cikin aminci. Mutumin da jiya lamba ce kawai a hannunsa, yau yana tayi ana albarka. Wannan shi ne dawowar rai.

Ta fuskar zubi da tsari, littafin ya bi doguwar hanyar da aka bi da su, daga Poland zuwa Belarus, sannan Romaniya, Hangari, Ostiriya da Jamus, har ya isa gida Turin ranar 19 ga watan Oktoba. Sai dai tsakiyarsa ta ɗan yi sanyi. Labaran barkwanci sun yi yawa, wasu taurarin ma, musamman mata, leƙowa kawai suke yi su wuce.

Amma shafin ƙarshe ya biya bashi. A kan gadonsa na gida, Levi yana mafarkin cewa zaman lafiyar nan ruɗi ne, har ya ji kiran tashin asuba na sansanin. Ashe sunan littafin gargaɗi ne: hutu aka samu, ba a ce yaƙin ya ƙare ba. Levi ya rasu a Turin a 1987.