Ƙyallen da ke Bayan Ragar Sifikar Mota: Aikin Ido ko Aikin Kunne?

A yawancin tsofaffin motoci, idan aka ciro ragar da ke rufe sifika, ko ta ƙofa, ko ta dashbod, ko ta bayan kujera, za a tarar da siririn baƙin ƙyalle ko soso mai laushi wanda kamfani ya manna da gam ta ciki. Ba don ado kaɗai aka sa shi ba. Sifika tana da maganaɗisu mai jan burbushin ƙarfe, fatarta kuma sau da yawa takarda ce, wadda ƙura da danshi ke lalatawa. Ƙyallen ne mai gadin wannan ƙofa: ya tare datti, ya bar sauti ya wuce.

Motocin da muke hawa a nan, irin su Golf 3 da Marsandi W124 da ake kira V-boot, wadda aka fara ƙerawa a 1984, sun ga shekaru a Turai kafin su sauka Kwatano ko Legas. Sai su haɗu da ranar bazara, wadda kan kai zafin dashbod sama da digiri 70, ga ƙurar hunturu. Gam ya bushe, soso ya ruɓe ya zama gari, ƙyalle ya saki yana kakkaɓi duk lokacin da ganga ta buga. Mai mota ya ɗauka sifika ce ta fashe, ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka neman sabuwa, alhali lafiyarta ƙalau.

Aikin kan faɗa hannun masu ɗinkin kujerun mota, domin su ke da yadi da gam, kuma dole a yaba musu: suna da hannu, sun iya jan yadi ya kwanta ba tare da tattara ba. Sai dai sun ɗauko salon liƙa rufin mota sun kawo shi nan, kuma a nan ne matsalar take. A rufi ana shafe ko'ina da gam don yadi ya kama. A raga kuwa, duk ramin da gam ya toshe, sauti ya rasa hanya. Wurin gam shi ne gefen ragar da sandunan da ke tsakanin ramuka, a shafa kaɗan, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a ɗora ƙyallen a fara ja daga tsakiya zuwa gefe. Irin su Evo-Stik haka ake amfani da su. Idan na feshi ne, kamar 3M Super 77, sai a fesa shi sama-sama daga nesa a bayan ragar, kada a jiƙa ƙyallen. Sufa-gulu ba shi da gurbi a wannan aiki. Yana sandarar da yadi, yana kuma barin farin tabo a kan roba.

Zaɓen yadi ya fi komai nuna wanda ya fahimci aikin. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga hez 20 zuwa kusan 20,000. Kaurin ganga yana ratsa yadi ba wahala, amma siraran sautuka su ne yadi mai kauri ke haɗiyewa, kuma a cikinsu ne haruffa irin su "s" da "sh" da "ts" suke fitowa fili. Shi ya sa motar da aka liƙa wa ragowar yadin kujera za ka ji kiɗa yana dukan ƙirji, amma karatun Alƙur'ani ko labarun rediyo suna fitowa a dusashe. Direban da ke kwana a hanya da wa'azi da labarai shi aka fi cuta. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo: a ɗaga yadin a hango haske ta cikinsa, a kara shi a baki a hura, in iska ta wuce ba tare da tirjiya ba, ya dace.

Wajen cire tsohon ƙyallen ma ana ɓarna saboda gaggawa. Tina, wato ruwan tsinka fenti, tana narkar da irin robar da ake yin yawancin ragogin nan, ta bar ta da dabbare-dabbare. Ɗumi kaɗan daga na'urar busar da gashi, da tsohon buroshin goge baki, da sifirit, sun isa su ɗaga busasshen gam. Ƙananan haƙoran da ke riƙe ragar kuma sun tsufa, tsinin sukudireba ɗaya ya isa ya karya su.

Akwai masu cewa a yaye ƙyallen a huta, ai sauti ma ya fi fita. A ƙasa mai ƙarancin ƙura wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A Kano ko Maraɗi, sifikar dashbod da ke kallon sama tara ƙasa za ta yi ta yi har ta fara gurnani.

Ga masu wannan sana'a, roƙona shi ne kada ku sallami mota sai kun kunna rediyo kun saurari muryar mai magana, kafin aiki da bayansa. Kai kuma mai mota, kafin ka biya, ka nemi a nuna maka bayan ragar a gaban haske.