Akwalar Da Ba Mu Ajiye Ba: Tsohuwar Bas A Cikin Fim

A Titin Koudoukou na buɗe ido, cikin unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda 'yan gari ke kira Sankilo. Duk wanda ya zauna can ya san launin motocin haya: tasi ruwan ɗorawa ce, bas kuma kore. Wannan koriyar bas ita ke kwasarmu daga bakin kasuwa zuwa tsakiyar gari, tafiyar kilomita biyar ɗin nan da unguwar ta samo sunanta. A cikinta na koyi Sango fiye da yadda na koya a makaranta, domin kafaɗa da kafaɗa ake zama: Bahaushe mai goro, Bafulatana mai nono, ma'aikacin gwamnati da jakarsa, mace mai buhun rogo, ga yaron mota yana lilo a bakin ƙofa da kuɗi a maƙale tsakanin yatsunsa.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda a Kano aka haife shi bayan mun baro can, ya ce mini, "Kawu, wai yaya garin naku yake?" Na ɗauki waya na shiga neman hoton titinmu mai motsi. Abin da na samu kashi uku ne: motocin sulke na sojojin Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya, manyan motocin da aka lafta wa katifu da tukwane da mutane a farkon 2014, lokacin da Musulmi ke ficewa zuwa Chadi da Kamaru, sai ayarin Fafaroma Francis ranar 30 ga Nuwamba 2015, da ya ziyarci babban masallacin Koudoukou. Duka gaskiya ne, duka sun faru. Amma ranar Talata ta yau da kullum, wadda babu harbi babu baƙo, sai dai bas ta tsaya ana cinikin canji, ita ban same ta ba. Yaron ya tashi da tunanin cewa garin kakanninsa sansanin yaƙi ne.

Wannan ne ya sa na koma kallon wasu finafinai da sabon ido, ina lura da abin da a da nake ɗauka kayan ado ne kawai, wato tsohuwar bas. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: bas a fim shaida ce. Ita ke gaya wa mai kallo shekarar da ake ciki, da irin mutanen da ke garin, da yadda suke zama da juna. Mu kuwa masu fim da Hausa mun yi sake da wannan shaida, kuma asarar ta fi ƙarfin ta ƙarfe da taya.

Bari in fara da wanda yawancinmu muka sani. Bombay to Goa na 1972 kusan gaba ɗayansa a cikin bas aka yi shi. Aruna Irani ce yarinyar da ta gudo daga hannun miyagu ta faɗa motar, Amitabh Bachchan ne saurayin da ke kare ta, Mehmood kuma shi ne kwandasta. Idan ka cire waƙoƙi da faɗa, labarin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne fasinjojin: an tara mutanen Indiya daga sassa daban-daban, kowa da harshensa da addininsa da irin rigimarsa, an kulle su a mota ɗaya, ba mai sauka sai an isa. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro dalilin haɗuwarsu, kuɗin mota ya riga ya haɗa su. Ba mamaki Indiyawa su iya wannan, domin manyan jarumansu biyu daga bas suka fito: Johnny Walker kwandasta ne a Bombay kafin ya shiga fim, haka ma Rajinikanth a Bangalore.

Amurkawa sun ɗauki wannan dabara suka sa mata wuta a Speed na 1994. An ɗaura bam a bas ɗin cikin gari ta Los Angeles, wanda zai tashi da zarar gudunta ya sauka ƙasa da mil 50 a awa, kimanin kilomita 80. Abin lura shi ne motar da aka zaɓa ba sabuwa ba ce. Samfurin kamfanin General Motors ce mai faffaɗan gilashin gaba, wanda aka fara ƙerawa tun 1959. Nauyinta da tsufanta su ne rabin fargabar: kana gani ka san wannan abu ba don tsere aka yi shi ba, kuma mutanen da ke ciki talakawa ne masu zuwa aiki. Da motar alfarma ce, da babu wanda zai riƙe numfashi.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne TGV na Moussa Touré, ɗan Senegal, wanda ya fito a 1998. Sunan kansa ba'a ne, domin TGV jirgin ƙasa ne mai gudun tsiya a Faransa, nan kuwa akwala ce mai fenti kala-kala da ke jigila daga Dakar zuwa Konakiri, direbanta ana ce masa Rambo. Tun kafin a tashi aka sami labarin tawaye a kan hanya, fasinjoji da yawa suka sauka, 'yan kaɗan suka ce a tafi. A hanya aka ɗauki ministan da aka kora tare da matarsa, sannan wasu Turawa biyu masu bincike. Touré bai tsaya yi mana lacca a kan siyasar Afirka ba. Ya dai bar mu mu ga wa ke neman kujerar gaba, wa ke ba da umarni, wa ke sauka ya tura idan mota ta kafe. Ranar da na sake kallonsa a Kano sai da na kashe na fita waje, domin ni ma na taɓa zama cikin motar da ake jayayya a kan ko a ci gaba ko a juya, a hanyarmu ta zuwa iyakar Kamaru. Abin da Touré ya gane shi ne, a irin wannan tafiya ba a daina faɗan wurin zama, ba a daina raha ba, ba a daina rowar ruwa ba. Tsoro ba ya mai da mutane mala'iku.

Kafin shi, Djibril Diop Mambéty ya riga ya sa irin wannan mota ta cikin garin Dakar a Badou Boy na 1970. Kusa da gida kuma, a Nijar, Jean Rouch da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia sun yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974, inda wata ruɓaɓɓiyar Citroën ta fataucin kaji ta zama kamar ɗaya daga cikin jaruman. Ita ba bas ba ce, amma darasin ɗaya ne: wanda ya kalli waɗannan finafinai yau, zai ga Dakar da karkarar Yamai na wancan zamani da idonsa. Masu shirya su ba tarihi suka nufa ba. Sun ɗauki abin da ke gabansu ne, shekaru suka mai da shi tarihi.

To, mu fa? Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an yi finafinan Hausa da ba su ƙirguwa. A cikin waɗanda na kalla, kuma na kalli da yawa tun a gidajen kallon bidiyo na Sankilo, zamani biyu kawai nake gani. Ko dai a koma can baya, zamanin dawaki da takubba da fadar sarki, ko kuma a tsaya a yau, da ƙaton gida da get da mota mai baƙin gilashi. Tsakanin biyun akwai rami. Ina Kano ta shekarun 1960 zuwa 1980? Ina zamanin kiya-kiya da farkon hayis, lokacin da iyayenmu ke shiga mota daga Bata zuwa unguwanninsu, ma'aikatan masaƙu na tururuwa zuwa Bompai da Sharaɗa? Wannan shi ne zamanin da aka gina rayuwar birni da muke ciki, amma a fim kamar ba a yi shi ba.

Na yi imani rashin mota na cikin manyan dalilai. Doki yana haihuwa, rawani ana naɗa shi kullum, ginin ƙasa yana nan a ƙauye, saboda haka fim ɗin sarauta bai da wuyar haɗawa. Amma wanda ke son nuna Kano ta 1970 sai ya nemo motar 1970, ita kuwa tuni 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli. Kuma ba kowace tsohuwar mota za ta yi ba. Sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Kafin nan sitiyari a dama yake, ƙofar fasinja a hagu. Kwandastan wancan lokaci sule da kwabo yake karɓa, domin naira ba ta zo ba sai 1 ga Janairu 1973. Haka wanda ya sa A Daidaita Sahu a labarin da ya faru kafin 2005 ya yi wa Kano ƙarya. Dattijo ɗaya a cikin masu kallo ya isa ya gane, kuma da zarar ya gane, ya daina yarda da sauran labarin.

Waɗansu sun fi mu hangen nesa. Bas ɗin da Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a birnin Montgomery ranar 1 ga Disamba 1955 ta yi shekaru a yashe a fili, sai a 2001 gidan tarihi na Henry Ford ya saye ta ya gyara, yanzu mutane na shiga su zauna a ciki. Landan ta janye jajayen bas ɗinta samfurin Routemaster daga aikin yau da kullum a Disamba 2005, amma masu sha'awa sun saye da yawa sun adana, mai fim na iya haya. Abin da ya fi ba ni haushi ma, akwai irin bas ɗin nan ta Dakar mai fenti a ajiye a wani gidan tarihi na birnin Paris. Wato mai son nuna wa jikansa abin da kakansa ya hau, wataƙila sai ya nemi biza.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, kuɗi: furodusan da ke fama da biyan jarumai ina ya ga na gyaran akwala? Gaskiya ne. Amma ana samun kuɗin hayar jibgegiyar mota don fitowa ɗaya ta bakin get. Matsalar ba ta aljihu kaɗai ba ce, ta abin da muka ɗauka ya cancanci a nuna ce. Muna jin kunyar motar talaka. Idan ta fito, to don a yi dariya ne, ko don a nuna jarumi ya talauce kafin arziki ya zo. Na biyu, za a ce mai kallo ya wuni a cikin hayis, me zai sa ya biya kuɗi ya sake ganinta? Amsata ita ce mutanen Bombay ma a bas suke wuni, kuma suka cika silima. Mutum ba ya ƙin ganin kansa, abin da yake ƙi shi ne a nuna shi da raini.

Akwai gargaɗi na uku wanda ni nake yi wa kaina. Kada kewa ta sa mu yi wa akwala kwalliya. Waɗannan motoci sun kashe mutane, sun shaƙe su da hayaƙi, sun yaga musu riguna. Legas ba ta hana molue shiga tsibirin birnin a 2013 don ƙiyayya ba, kuma Dakar da ta kawo manyan bas masu lantarki a 2024 ba ta yi kuskure ba. Ba cewa nake a mayar da su kan titi ba. Cewa nake fim na gaskiya zai nuna su yadda suke, da zafin da warin fetur da kujerar da ƙusa ta fito. Abin da ya sa TGV ya yi kyau ke nan: Touré yana son motar, amma bai ɓoye cewa tana mutuwa a hanya ba.

Abin da nake roƙo bai da yawa. A sami hayis ɗaya ko biyu daga cikin tsofaffin da suka rage a garejin Kano, a ajiye da fentinsu da rubutun jikinsu, ko a gidan tarihi, ko a hannun ƙungiyar direbobi, ko ta masu shirya fim. Marubutanmu kuma su gwada labarin da zai fara a tasha ya ƙare a tasha. A Bangui ma matasa sun fara ɗaukar garinsu da kansu: fim ɗin Rafiki Fariala a kan rayuwar ɗaliban jami'ar birnin ya kai bikin finafinai na Berlin a 2022. Ina fata ɗaya daga cikinsu zai shiga koriyar bas daga bakin kasuwar Sankilo, ya kunna kyamara, ya bar ta har tsakiyar gari, ko da babu abin da ya faru a hanya.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, da na rasa abin nuna masa, sai na zana masa bas ɗin a bayan littafinsa, na sa masa yaron mota a bakin ƙofa. Ya duba ya ce, "Kawu, ai wannan hayis ce." Na ce ita ce, kore dai aka shafa mata. Ya ce to ashe garin naku gari ne kamar kowane.