Tarke a kan Manufar Koyarwa da Harshen Uwa: Misalin Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tanadin zuwa shekaru 6 na firamare, sannan ta soke shi a Nuwamba 2025. Wannan maƙala ta auna hujjojin waɗannan matakai da ma'aunin gwaji.

2.0 Gwajin Ife

Hujjar da aka fi kafawa ita ce gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970. An koyar da rukuni ɗaya da Yarabanci tsawon shekaru 6, ɗaya rukunin kuwa aka mayar da shi ga Ingilishi bayan shekaru 3. Rukunin farko bai gaza ba, hatta a darasin Ingilishi. Sai dai yaran Ife harshensu ɗaya ne.

3.0 Yanayin Kafanchan

A Kudancin Kaduna aji guda kan haɗa masu jin Fantswam da Gworok da Jju da Tyap da Hyam da Hausa. Idan aka ce harshen uwa, na wane yaro za a ɗauka? Idan kuwa aka ce harshen muhalli, galibi Hausa ce, alhali wasu iyaye na ganin fifita ta barazana ce ga harsunansu. Gwajin Ife bai amsa waɗannan tambayoyi ba, domin ba su ne ya sa gaba ba.

Haka ita ma sokewar. An dogara da faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO, bayan kuwa waɗanda suka rubuta su sun bar firamare tun kafin 2022. Wannan ɗora wa kura laifin da ba nata ba ne.

4.0 Kammalawa

Abin da ya dace shi ne a zaɓi makarantu ta hanyar ƙuri'a, wasu su koyar da Hausa, wasu da Tyap ko Jju, wasu da Ingilishi, a daidaita littattafai da horon malamai, sannan a auna iya karatun yara da karɓuwar tsarin ga iyaye. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya na iya ɗaukar wannan nauyi. Da sanda ake gwada zurfin ruwa kafin a tura yara su tsallaka.